Manomin Citta da Mawus ɗin Ɗansa

Akwai wani mutum, manomin citta, wanda Allah ya ba shi ƙarfin hannu da kyakkyawar zuciya, amma son tambaya kam bai samu rabo a ciki ba. A ƙauyensu ba mai kiran sunansa na yanka. Baban Kefas ake ce masa, domin Kefas ne ɗansa namiji guda ɗaya a cikin 'yan mata huɗu. Dattijo ne a ikilisiya. In rufin majami'a ya fara yoyo, shi ne na farko a kan tsani. In aka yi rasuwa, shi ke fara ɗaukar diga. Mai kyauta ne, wannan ba mai musu. Aibinsa ɗaya ne, in zai yi maka alheri ba ya tambayarka abin da kake bukata, don a ganinsa ya riga ka sani.

Yana da wata dokar sayayya da ya gada daga ubansa, wato a sayi babba. Takalmin Kirsimeti a sayi babba, a cusa tsumma a gaba. Rigar makaranta a sayi babba, a naɗe hannu sau uku. In yaro ya buɗe baki sai ya ce, "Za ka girma a ciki." Haka 'ya'yansa suka tashi, takalmi ba ya yi musu daidai sai ya riga ya yage.

Kefas ya kai shekara ashirin da uku. Yana gyaran waya a kasuwa, da damina kuma yana bin uban gona ba tare da gunaguni ba. Amma in ya dawo gida da la'asar, sai ya shige ɗaki ya zauna gaban wata tsohuwar kwamfuta da ya harhaɗa da kansa, yana wani wasa da ake yi ƙungiya da ƙungiya, biyar-biyar, da mutanen da ke wasu garuruwa. Uban bai san kan wasan ba, bai kuma nemi sani ba. Abin da ya sani shi ne ƙato mai gemu yana zaune yana kallon gilashi.

Wata rana, lokacin haƙar citta, baƙi suna zaune a tsakar gida, wani ya tambayi ina Kefas. Baban Kefas ya yi tsaki ya ce, "Yana ciki yana danne-dannensa. Na ɗauka namiji na haifa, ashe mai gadin gilashi ne." Baƙin suka yi dariya. Kefas yana ji ta taga. Daga ranar ba abin da ke shiga tsakaninsa da uban sai gaisuwa. Ina kwana, lafiya lau, an tashi lafiya, shi ke nan. Aka yi wata takwas a haka.

Ana nan sai wata ƙungiyar masu wasan da ke babban birni ta aiko wa Kefas goron gayyata. Za a yi gasa, in ya yi abin kirki za su riƙe shi, da wurin kwana da komai. Ranar Litinin zai tafi.

Ranar Laraba uwarsa, Rahila, ta sami maigidan yana wasa fartanya a bayan gida. Ta ce, "Baban Kefas, in yaron nan ya tafi da maganar nan taka a ransa, ba zai sake taka gidan nan ba sai ranar da za a binne ɗayanmu. Na san ɗana."

Shi ma abin yana cinsa, girman kai ne kawai ya hana shi faɗa. Ya ce, "To me kike so in yi? In durƙusa masa?"

"Ba wanda ya ce ka durƙusa. Ka yi masa guzuri kamar yadda uba ke yi. Abin nan da yake riƙewa yana juya wasan, mawus suke ce masa, ya tsage, da salatif ya ɗaɗɗaure shi. Da shi zai je gaban mutane. Amma ka tsaya in gaya maka wani abu game da..."

Ina, ai tuni ya miƙe yana kaɗe wando. Ya samu abin yi, sauran magana kuma ta mata ce.

Kashegari da sassafe ya hau mota zuwa gari. Aka kwatanta masa wani shagon kayan kwamfuta, ya shiga da ƙarfin gwiwarsa kamar mai zuwa sayen buhun taki. Mai shagon wata mace ce, Tabita, ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta biyu ba. Bayan sun gaisa ya ce, "'Yata, mawus nake so, na wasa. Ki ba ni mai kyau."

Tabita ta jawo wani faffadan akwatin gilashi ta buɗe. Nan fa ido ya raina fata. Shi ya zaci abu ɗaya ne, kamar a ce a ba ka ashana. Sai ga su sun fi talatin. Wani baƙi, wani fari. Wani da igiya, wani babu. Wani yana walƙiya ja da kore, wani an jera masa maɓallai goma sha biyu a gefe ɗaya. Wani kuma duk bayansa huji ne.

Ya nuna mai hujin ya ce, "Wannan ai gara ta cinye shi. Kina sayarwa a haka?"

"A haka aka ƙera shi, Baba, don ya yi sauƙin ɗauka."

"Ana biyan kuɗi don a rage abu?"

"Ana biya sosai."

Ya girgiza kai. Tabita ta ɗauko awon tela daga aljihun tebur ta ce, "Kawo hannunka in auna."

"Ba ni ne zan yi wasan ba, Allah ya kiyaye. Ɗana ne."

"To yaya girman hannunsa?"

Baban Kefas ya shimfiɗa nasa hannun a kan gilashi, faffaɗa, duk kanta, yatsu kamar saiwar rogo. Ya ce, "Jinina ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ki auna wannan."

Tabita ta yi murmushi, ta auna don kada ta ba dattijo kunya. Ta ɗora awon daga layin wuyan hannu zuwa kan yatsan tsakiya, ta sake gicciya shi ta faɗin tafi. Ta ce, "Naka ya wuce santimita ashirin, babba ne sosai. Amma Baba, ni da mahaifiyata ko zobe ɗaya ba ma sawa. In mawus ya fi hannu girma, yatsu ba za su kai inda ake dannawa ba sai da miƙa, wuyan hannu ya yi ta ciwo. In ya yi ƙanƙanta kuma yatsu su cure. To bar ma wannan. Yaya yake riƙewa?"

"Da hannu mana."

"Na sani. Riƙon ne iri uku." Ta ɗauki ɗaya ta nuna masa. "Wani yana kwantar da tafinsa duka a kai, kamar mai dafa kan yaro. Shi mai tudun baya yake so, wanda zai cika masa tafi. Wani yana lanƙwasa yatsu, gindin tafinsa kaɗai ke taɓa bayan mawus ɗin. Shi gajere yake so, mai tudu ta baya. Wani kuma da kan yatsu kawai yake riƙewa, tafi yana sama, kamar mai ɗaukar ƙosai da zafinsa. Shi ƙarami yake so, mara nauyi. Wanne ne na ɗanka?"

Baban Kefas ya dubi hannunta, ya dubi akwatin, ya sake duban hannunta. Kansa ya ɗaure tamau. Shi da ya san citta mai kyau tun daga ganye, ya san ranar da ruwa zai sauka tun daga warin iska, yau ga shi 'yar cikinsa ta yi masa tambaya uku bai amsa ko ɗaya ba. Ya ce ta sake nunawa. Ta sake. Ya gwada da nasa hannun, na farko ya zama na biyu, na biyu ya zama na uku, har ya danna wani maɓalli abin ya fara walƙiya, ya saki da sauri.

Tabita ta ce a hankali, "Ba ka taɓa ganinsa yana wasan ba?"

Tambayar ta soke shi, don gaskiya ce. Shekara huɗu yaron yana wasan nan a ɗakin da ke kallon nasa, bai taɓa leƙawa ba ko sau ɗaya. Amma maimakon ya ce haka, sai ya gyara tsayuwa.

Ta ce, "Ka kira shi a waya mana, ka tambaye shi. Matambayi ba ya ɓata."

"Kyauta ce. Ana tambayar mutum kafin a yi masa kyauta? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wanne ya fi girma a nan?"

Ta nuna masa wani ƙato, baƙi wuluk, mai nauyi, an ƙera masa wani lungu a gefe inda babban yatsa zai kwanta. Ya ɗora hannunsa a kai, ya zauna masa daram. Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Yawwa. Wannan shi ne na maza. In ma ya yi masa yawa zai girma a ciki."

"Shekararsa nawa, Baba?"

"Ashirin da uku."

Tabita ta mayar da awonta aljihun tebur. Ta naɗe masa kayan ta ce, "Kada dai a yar da kwalin. In bai yi ba, a dawo da shi kafin Litinin, zan canza."

Da yamma ya kira Kefas tsakar gida ya miƙa masa. Yaron ya russuna ya karɓa da hannu biyu. Da ya buɗe kwalin sai ya daɗe yana kallon abin. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma." Uban ya ji daɗi har cikin ransa, ya kwana yana cewa ai magana ta ƙare.

Magana ba ta ƙare ba. Ranar Jumma'a da rana, Kefas yana kasuwa, uban ya shiga ɗakinsa neman igiyar ɗaure buhu. Me zai gani? Kwalin nan a can ƙarƙashin gado, an rufe shi tsaf, mawus ɗin yana ciki ko ledarsa ba a ɓare ba. A kan tebur kuwa ga tsohon nan mai salatif yana zaune abinsa.

Ransa ya ɓaci, amma ruɗewarsa ta fi ɓacin ran yawa. Ya fito da kwalin a hannu ya sami Rahila tana tankaɗe. Ya ce, "Ki gaya mini abin da na yi kuma. Na zage shi, laifi. Na yi masa kyauta, laifi. Na sayi wanda ya fi kowanne girma a shagon. Ya yi godiya har da hawaye, da idona na gani. To hawayen na mene ne? In bai so, me ya sa ya karɓa? In yana so, me ya kai shi ƙarƙashin gado? Ko raina ni ya yi?"

Rahila ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ranar Laraba na ce ka tsaya in gaya maka, ka kaɗe wando ka tafi. Yanzu kuma ba zan faɗa ba. Gani ya kori ji. In ya dawo ya zauna, ka je ka tsaya a bakin ƙofa."

"In tsaya in yi me?"

"Ka duba kawai. Bakinka a rufe."

Wannan sharaɗi ya fi masa noman kadada wuya, amma ya yi. Da la'asar Kefas ya dawo, ya watsa ruwa, ya shige ɗaki. Uban ya jira har ya ji ƙarar danne-danne, sa'an nan ya lallaɓa ya ɗaga labule.

Da farko gilashin ya kalla, bai fahimci komai ba. Wasu mutane suna gudu, wuta tana tashi, ƙasa tana juyawa har ya ji jiri. Ya sauke ido zuwa tebur. Ya ga yatsun yaron a lanƙwashe a kan tsohon mawus ɗin, gindin tafi yana taɓa bayansa. Ya ce a ransa, to, na biyun nan ne da yarinyar ta nuna. Amma wani abu bai zauna masa daidai ba, ya rasa ko mene ne. Ya dubi nasa hannuwan, ya sake duban na yaron. Sai can ya gane. Mawus ɗin yana gefen hagu.

Bakin da aka ce ya rufe ya buɗe da kansa. "Da hagu?"

Kefas ya zabura. Kafin ma ya juyo, hannun hagun ya riga ya sauka daga tebur ya shige tsakanin gwiwoyinsa. Ƙato mai gemu, amma yadda ya ɓoye hannun nan, sak yaro ɗan shekara huɗu a gaban kwanon tuwo.

Nan take Baban Kefas ya tuna. Yaron bahago aka haife shi. Shi da kansa ya raba shi da hagun, da dukan bayan hannu a bakin kwano, da ɗaure hannun da ɗankwalin uwarsa har tsawon wata biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ya riƙa faɗa. Da yaron ya fara ci da dama, uban ya je ya ba da labari a majami'a cewa an gyara shi. Daga nan ya manta da zancen ɗungum, shekara goma sha tara.

Ya ce, "Ashe ba ka bari ba."

Kefas ya sunkuyar da kai. "Ina ci da dama, Baba. Ina gaisuwa da dama, ina rubutu da dama, ko canji a kasuwa da dama nake miƙawa. A nan ne kawai. Na gwada da dama shekara guda, ba ta da saurin."

Uban ya miƙa masa kwalin. "Wannan fa?"

Yaron ya ciro ƙaton mawus ɗin ya ajiye a gefen hagu, ya ɗora hannu. Ko makaho ya shafa ya san bai yi ba. Lungun da aka yi wa babban yatsa ya koma wajen ƙaramin yatsa. Maɓallan gefe suna can inda ba yatsan da zai taɓa su. Tudun ya karkata ta inda bai kamata ba, yatsun kuma ko kusa ba su kai gaba ba. Kefas ya ce, "Na hannun dama ne zalla. Kuma ya fi ƙarfina."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Tun da na fara wasan nan, shi ne abu na farko da ka ba ni saboda shi. Yaya zan ce bai yi ba? Na yi niyyar in tafi da shi a jaka, in ajiye." Ya mayar da mawus ɗin cikin kwali. "Kuma in na faɗa, sai na faɗi dalili."

Baban Kefas ya nemi bakin gado ya zauna. Kunya ta rufe shi, da baƙin ciki. Wata takwas yana zaton magana ɗaya ce tsakaninsa da ɗansa, wadda ya yi gaban baƙi. Ashe tun yaron yana shekara huɗu yake ɓoye masa hannu a cikin gidansa.

Ya ɗago ya dubi yaron. Can ya ce, "Kawo hannunka."

Kefas ya miƙo dama, hagu tana tallafe da gwiwar hannu, yadda aka koya masa.

"Ba wannan ba."

Yaron ya dube shi. A ƙasarmu miƙa wa babba hagu zagi ne, kuma wannan babban shi ya koya masa haka da duka. Ya ce, "Baba..."

"Na ce ka kawo."

A hankali ya miƙo. Uban ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya duba ciki da baya. Hannun siriri ne, dogayen yatsu, irin na uwarsa, ko kaɗan bai yi kama da nasa ba. Akwai wata 'yar kanta a gindin tafi, inda yake gogar tebur. Ya shafa ta da babban yatsa. Shi manomi ne, ya san ba a samun kanta sai da aiki.

Ya ce, "Na yi maka laifi, Kefas. Na da, da na bana. Ka yafe mini."

Kefas ya riƙa gyaɗa kai, hawaye yana zuba a kan hannun da uban ke riƙe da shi.

Ranar Asabar suka shiga gari tare. Tabita ta gan su da kwali, ba ta ce ai na faɗa ba, Allah ya yi mata albarka. Ta ɗauko awonta. Kefas ya ɗan yi jinkiri, uban ya ce, "Hagun za ki auna, 'yata. Bahago ne." Ya faɗa da ƙarfi, har wani mai sayen caja ya waiwayo.

Ta auna, santimita goma sha bakwai da rabi. Ta sa ya riƙe ta gani, ta ce mai lanƙwasa yatsu ne. Ta fito da guda huɗu waɗanda gefensu biyu iri ɗaya ne, kowane hannu zai iya riƙewa. Kefas ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, yana ɗagawa, yana shafawa a kan tebur. Da ya kai kan na uku sai kafaɗarsa ta sauka, ya yi ajiyar zuciya. Kun san wanne ne? Ƙarami, ba walƙiya, bayansa duk huji.

Uban ya ce, "Wanda gara ta ci?"

"Shi ne, Baba."

"Kai dai ka tabbata? Ga masu jiki nan."

"Na tabbata."

Baban Kefas ya ɗaga abin, ya ji kamar bai ɗauki komai ba. Har suka fito daga shagon bai gane yadda ƙaramin abu mai huji zai fi babba lafiyayye ba, kuma in kun same shi yau ku tambaye shi, har yanzu bai gane ba. Amma ya saya.

Ranar Litinin a tasha, mota tana shirin tashi, Kefas ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, ranar Asabar da ƙarfe biyu za a nuna gasar a waya. In ce Mama ta kunna maka?"

"Ni me zan gane a ciki?"

"Ba sai ka gane ba."

Ranar Asabar da ƙarfe biyu, dattijon ikilisiya ya bar fartanya a gona, ya zauna a gindin mangwaro da wayar matarsa a hannu. Awa biyu cur yana kallo. Bai san wa ke gudu ba, bai san wa ke bin wa ba, sau uku yana tafi a inda ashe ƙungiyar ɗansa ce aka ci. Kowane minti biyar sai ya tambayi Rahila, "Wanne ne namu?" Ita ma ba ta sani ba. Da aka gama, waya ta yi ƙara. Kefas ne. Bai fara da labarin gasa ba, cewa ya yi, "Baba, ka kalla?" Uban ya ce, "Tun daga farko har ƙarshe." Da aka fara haƙar citta a shekarar, Kefas ya zo gida da kansa, ba wanda ya aika masa.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali.

Manomin nan mu ne, iyaye da dattawa da malaman makarantar Lahadi, da duk wanda Ubangiji ya ba shi wani ya kula da shi. Mawus ɗin shi ne alherin da muke yi, kyauta ce, ko shawara, ko horo, ko aikin da muke ɗora wa mutum a ikilisiya. Hannun kuwa shi ne yadda Allah ya gina kowane mutum, da girmansa da irin riƙonsa.

Ku lura, mutumin nan ba mugu ba ne. Da mugu ne da misalin ya yi sauƙi, kowa ya ce ba da ni ake ba. Ya tashi da sassafe, ya hau mota, ya sayi mafi girma. Abin da ya kasa shi ne taku biyar daga ƙofarsa zuwa ƙofar ɗansa. Ya auna hannunsa ya ce na ɗansa ne. Haka muke yi. Wanda ya iya waƙa yana so kowa ya shiga ƙungiyar mawaƙa. Wanda ya iya wa'azi yana ganin mai shiru ba shi da Ruhu. Mu tura yarinya mai kunya ta tsaya gaban jama'a, in ta daburce mu ce ba ta da himma, alhali in an ba ta tsofaffi marasa lafiya ta duba, ba wanda zai kama ƙafarta. In sun karɓa sun ce an gode, sai mu tafi muna murna. Ku je ku leƙa ƙarƙashin gadajen gidajenku, ku ga alherinku nawa ne ke can a cikin kwali.

Kada wani ya fita ya ce malam ya ce a bar yara su yi abin da suka ga dama. Ban faɗa ba. Ƙarya zunubi ce, sata zunubi ce, a tsawata. Amma hagu ba zunubi ba ce. Akwai abin da Allah ya hana, akwai kuma abin da mu ne kawai ba mu saba da shi ba, mun haɗa su mun yi musu bulala ɗaya. Ni kaina da nake tsaye a nan na yi wannan kuskure a gidana, ba sau ɗaya ba.

Ku kuma matasa, ban ƙyale ku ba. Shirun Kefas ladabi ne, amma ladabin nan saura kaɗan ya raba shi da ubansa har abada. In abu bai shiga hannunka ba, ka faɗa cikin girmamawa. Godiyar baki da ɓoye kwali ba ta gyara komai.

Ubanmu na sama ba ya saya mana babba ya ce mu girma a ciki. Shi ya ƙera hannun, ya san tsawonsa, ya san riƙonsa, ya san inda kanta ta fito. Hannun da kake ɓoyewa tsakanin gwiwoyi in ka ji takun mutane, shi ne yake cewa ka kawo. Tun da haka yake yi da mu, haka ya wajaba mu yi da juna.

Saboda haka aikin wannan mako ba ya bukatar ko mota ko kasuwa. A gidanka, ko a ajinka, ko a kan bencin da kake zaune yanzu, akwai wanda yake sauke hannunsa daga tebur duk lokacin da ya ji kana zuwa. Tun ina magana sunansa ya faɗo maka a rai. Kafin Lahadi mai zuwa, ka je ka tsaya a bakin ƙofarsa, bakinka a rufe, ka duba.